Gada a Cikin Huhun Goro

A shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon injiniya, malaminmu na darasin ƙarfin kayan gini ya shigo aji wata safiya da ƙaramin sikeli a hammata, ya ajiye a tebur ya ce za a yi gasa. Mutum biyu-biyu za su haɗa kai su ƙera 'yar gada, tsawonta daga yatsa zuwa kafaɗa, nauyinta kada ya wuce rabin kilo. Ranar gasa za a ɗora ta a kan tubali biyu, a rataya mata bokiti a tsakiya, a yi ta zuba yashi har ta karye. Wadda ta ɗauki yashi mafi yawa idan aka gwada da nauyin jikinta, ita ta ci. Wadda kuwa ta haura rabin kilo ko da giram ɗaya ne, ba za a ma kalle ta ba. Sai da ya kai bakin ƙofa sannan ya juyo ya faɗi abin da ya ɗaga mana hankali: wani kamfanin gine-gine da ke kusa da tashar jiragen ruwa zai ɗauki mutum biyun da suka ci, su yi wata shida suna koyon aiki. Sitaz muke ce wa wannan. A lokacin nan duk wanda ya fita makaranta ba sitaz, takardarsa sai dai ya yi fifita da ita.

Ni ina da dalili na biyu na son cin gasar. Mahaifina ɗan kasuwar goro ne a Adjamé, unguwar babbar kasuwar Abidjan, yana da magaza, wato ɗakin ajiya, a wani lungu mai duhu bayan layin masu atamfa. Shi ne ya sa ni a boko, bai taɓa hana ni littafi ba, amma bai taɓa gane me nake yi a can ba. Ni ma ban taɓa zama na yi masa bayani ba. Yana yi mini Hausa, ina mayar masa da Faransanci mai ɗan ɗigon Hausa a ciki, don Hausata a wancan zamani ta gaisuwa ce da neman ƙarin miya. Maganarsa guda ce kullum: "In karatun ya ba ka aiki, madalla. In bai ba ka ba, ga benci nan a magaza, ba wanda ya zauna maka." Ba da mugunta yake faɗa ba, da tausayi ma yake faɗa, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Na rantse a raina ba zan zauna a bencin nan ba.

Abokiyar aikina wata yarinya ce 'yar unguwar Treichville, wadda ta fi kowa lissafi a ajinmu, ta kuma fi kowa sanin haka. Ni na iya aikin hannu, ita ta iya takarda, kuma kowannenmu yana ganin ɗan'uwansa ne ke cin arzikinsa. Muka shirya a kan cewa cikin gadar za mu yi shi da katakon rimi, wanda ba shi da nauyi ko kaɗan, sannan mu naɗe shi da zaren gilashi da aka jiƙa da rezin. Rezin wani ruwan danƙo ne mai warin tsiya da masu gyaran kwalekwale a bakin lagun, babban tafkin da ya ratsa gari, suke shafawa. Idan ya bushe sai ya yi tauri kamar ƙaho. Katakon ba ƙarfi, zaren ba tsayuwa, amma idan suka haɗu sai ka sha mamaki. Haka dai takardarta ta ce. Gadarmu ta farko ko rabin bokiti ba ta kai ba ta murɗe ta tsage. Muka yi kwana biyu ba ma gaisawa.

Wata Asabar mahaifiyata ta aike ni da abincin Baba kasuwa. Na tarar yana ɗaure huhu, babban ƙunshin goro da za a loda wa mota zuwa arewa. Na tsaya ina jira ya gama ina ƙunƙuni, don ya ƙi ɗaga kai. Sai idona ya tsaya a kan igiyar. Ba zagayawa yake yi kai tsaye ba: yana kai ta a karkace har ƙarshe, ya dawo da ita a karkace ta ɗaya gefen, su giggilma juna, duk inda ka murɗa huhun akwai igiyar da za ta ja ta ƙi. Ran Litinin na naɗe mana sabuwar gada da zaren gilashi daidai yadda na gani. Abokiyar aikina ta duba, ta yi lissafinta, ta ɗago ta tambaye ni ina na samo. Na ce a wani littafi na gani. Kunya ce ta hana ni cewa a kasuwar goro ne. Na dai ƙudurta idan mun ci zan gaya wa Baba, a gaban mutane ma.

Daga nan muka zama mahaukatan giram. Kullum muna kan sikeli. A goge nan, a huda can, a kankare rezin da ya taru a kusurwa. Gardama ta ƙarshe da muka yi a kan bakunan gadar biyu ce, inda katakon rimi ke leƙowa tsirara. Ita ta ce a shafe su da rezin a toshe. Na ce giram huɗu ne za mu ɗora wa kanmu a banza. Ta ce rimi yana shan ruwa kamar burodi. Na ce wane ne zai kai gadarmu wanka? Na kafe, na yi ta ɗaga murya har ta gaji ta ce in yi yadda na ga dama. Muka ɗora a sikeli, saura giram takwas ta cika rabin kilo. Saura kwana uku gasa.

Sai matsalar inda za a ajiye ta. A makaranta ba a barin kaya, don a makon nan wani ya zauna a kan gadar wasu, wai bai gani ba. Ita ta ce a kai gidansu, ga shi kusa da zauren da za a yi gasar. Na ce a'a, gidanku na bakin lagun, laima ta yi yawa. Ni da bakina na faɗi haka. Gidanmu na Williamsville kuwa ba a ma maganarsa. Tsakar gida ɗaya ce ga iyali barkatai, ga yara da ƙwallo, ga awakin mai gidan haya. Gadar gwaji da na taɓa jinginawa a taga, dawowata na tarar maƙwabciyarmu mai soya ayaba ta gitta ta a kan bokiti biyu ta aza tirenta a kai. Da na yi magana ta kira ni ɗanta da Faransanci, ta ce, "Haba mon fis, ba gada ka ce ba ce? To ai ga shi ta ɗauka." Saboda haka wuri ɗaya ya rage a duk Abidjan da ƙuda ma ba ya shiga sai da izini, magazar Baba.

A nan sai na faɗi yadda Baba yake da goro. Goro ba ya son zafi, ba ya son iska, ba ya son a manta da shi. Kowace safiya sai ya buɗe kwandunansa, ya tsince wanda tsutsa ta taɓa, ya canja ganyen fita, wato faffaɗan ganyen nan da ake lulluɓe goro da shi, ya tsoma hannu a ƙwarya ya yayyafa ruwa, sannan ya rufe da jiƙaƙƙiyar algarara. Ƙananan goro ma'aikatansa ke yi. Amma goriya, manyan nan masu daraja, ba wanda ke taɓa su sai shi. Na san duk wannan tun ina rarrafe. Ban dai taɓa tunanin ya shafe ni ba.

Na isa da yamma a gaggauce, da gadar cikin kwali.

"Baba, ga abin lakol ɗin nan da na gaya maka. Kwana uku kawai. Samdi da safe zan zo in ɗauka." Makaranta da Asabar nake nufi, ko su da Faransanci suka fito mini.

Ya goge hannu a riga, ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan jijjiga ta yana auna nauyinta.

"Wannan ce gadar? Ai goro talatin sun fi ta nauyi."

"Haka ake so, Baba."

Ya bi zaren da yatsa, a karkace, ya dawo a karkace. Ya ɗago ya dube ni, na kau da kai. Sai ya yi mini tambayar da yake yi wa duk wanda ya kawo masa ajiya.

"To me take so, me ba ta so?"

"Zafi," na ce, ina duba agogo. "Ba ta son zafi. Kada rana ta taɓa ta, shi ke nan, wala."

"Tana da muhimmanci?"

"Baba, aikina gaba ɗaya yana kanta."

Na taka kujera na ɗora kwalin a saman kanta, can kusa da rediyonsa, inda na ga babu laima. Ɗalibin injiniya a shekarar ƙarshe, bai ɗaga kai ya ga cewa tsakanin kantar da kwanon rufi bai fi taƙi biyu ba. Na fita ina jin kaina mai dabara.

Ran Asabar na makara, don motocin Williamsville duk a cike suke zuwa. Na iso magaza ina gumi, na tarar da Baba zaune a benci cikin shaddarsa ta Juma'a, da hula, har da turare. A gabansa ga wani dogon ƙunshi, an naɗe da sabuwar algarara, an ɗaure da igiya tsaf, ɗaurin nan nasa na gilma.

"Ina kwalin?"

"Kwali ba ya kare kaya a mota. Na shirya ta."

"To in gani mana."

"Ba a buɗe huhu a hanya."

"Kai kuma ina za ka, Baba?"

"Inda gadar za ta."

Ban gayyace shi ba. Gaskiya ma ban so ya zo ba, don na san idon 'yan ajinmu. Amma lokaci ya ƙure, ba damar gardama. Na taɓa algararar na ji ta bushe, na ce a raina tsoho ya yi mata matashi, ba laifi. Muka shiga woro-woro, tasin nan da ake cusa mutum biyar, ya ɗora ƙunshin a cinya, rabinsa ya leƙa ta taga. Direba ya ce a sa a but, can bayan mota, Baba ya kalle shi kallo ɗaya, direban ya ja motarsa. A kan babbar gadar da ke tsallaka lagun zuwa Treichville muka maƙale a cunkoso. Ina ta tsaki ina duba agogo. Baba kuwa ya leƙa yana kallon ƙarfen gefen gadar da ruwan da ke ƙasa, ya ce a hankali, "In Allah ya yarda, wata rana irin wannan za ka yi." Na ce masa in dai mun isa yau.

Zauren ya cika. Kowa da gadarsa cikin kwali da soso, wasu har da leda mai ƙyalli. Sai ga mu, ni a gaba, tsoho da babbar riga a baya, da huhu a kafaɗa. Wani shaƙiyyi daga can baya ya ɗaga murya da Faransanci ya ce, "Goro ya iso, ina amarya?" Wuri ya kece da dariya, aka juya ana kallon abokiyar aikina. Ta zo ta gaishe da Baba da ladabi, ta ce "Bonjur Papa," sannan ta juyo ta yi mini wani kallo da har yau ban manta ba. Na nemi wuƙa in yanke igiyar. Baba ya ce ba a yanka igiya mai kyau. Ya durƙusa ya kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya, yana naɗe igiyar a gwiwar hannu, mu muna tsaye kamar mu fashe.

Ya buɗe algarara ta farko, busasshiya. Ta biyu da danshi. A ƙarƙashinta ganyen fita ne, kore shar, an jera shi ɗaya kan ɗaya, da ɗigon ruwa a jiki. Wani sanyi ya taso ya bugi fuskata, ƙamshin magazarmu sak. Baba ya ɗaga ganyen ƙarshe, ga gadarmu tana sheƙi, ya miƙe yana murmushi.

"Washegarin ranar da ka kawo ta, da azahar na taɓa saman kantar nan, kamar tanda," ya ce. "Na ce yaron nan ya ce ba ta son zafi, ya kuma kai ta gidan zafi. Na sauko da ita. Safe da yamma nake canja mata ganye, ina yayyafa mata ruwa da hannuna. Ban bar kowa ya taɓa ba. Ko sau ɗaya zafi bai same ta ba."

Abokiyar aikina ba ta jin Hausa, ba ta kuma buƙaci fassara ba. Ta ɗauki gadar ta auna a tafin hannu, ta juya bakin ta danna farce a katakon rimin. Ruwa ya tsattsafo. Muka kai sikeli. Malam ya gyara tabarau, ya duba, ya ɗauke gadar, ya sake ɗorawa. Ta haura rabin kilo da giram talatin da takwas. Ya ce da ƙarfe goma sha biyu zai rufe awo, kuma sikeli ba shi da ɗan'uwa. Saura ƙasa da awa ɗaya.

Muka fita a guje, ni da ita, ba mu san inda muka nufa ba. Rana ba ta fito ba, hadari ne ya rufe gari, kamar da gayya. Na ce gidan burodi, ta ce so nake in gasa ta? Sai ta ja ni wani lungu, shagon wata mai gyaran gashi da ta sani. Mata uku na zaune kawunansu cikin manyan kwanukan nan masu hura iska mai zafi, na huɗun babu kowa. Ta yi wa mai shagon bayani cikin numfashi ɗaya. Matar ta kalli gadar, ta kalle ni, ta ce "Yako," wato sannu, ta kunna. Haka na durƙusa a tsakiyar mata ina riƙe da gada, na cusa baki ɗaya cikin kwanon busar da gashi, bayan minti biyar in juya ɗaya bakin. Gadar da na ce ba ta son zafi. Wata daga cikin matan ta tambaya ko sabon abin kitso ne. Wata ta ce ita ɗanta likita zai karanta, ba ruwansa da wannan wahala. Abokiyar aikina tana gefe tana goge gefen gadar da takardar yashi, ƙura na zuba a kan tayil, mai shago na sharewa tana mita.

Saura minti uku muka koma. Gadar da ɗumi a hannuna. Malam ya ɗora. Lambobin suka yi rawa, suka tsaya. Ta haura da giram biyar. Na roƙe shi ya ba mu minti goma. Ya ce da ya ba mu, sai ya ba kowa. Na ce ruwa ne fa, ba gada ba ce. Ya ce sikeli bai san bambanci ba, ya ja layi a kan sunayenmu. Abokiyar aikina ta juyo gare ni. Ta ɗaga mini yatsu huɗu, ta riƙe su a gaban hancina, giram huɗun da na hana a toshe bakin gadar da su.

Da ma ita na yi wa faɗa, ko malam, ko kaina. Sai na juya na ga Baba tsaye inda muka bar shi, yana jira da hannu a ƙirji, ya ce, "Yaya, an karɓa?" Idona ya rufe. Na yi masa magana da Faransanci, da ƙarfi, a gaban ɗalibai da malamai da mutanen kamfani. Na ce wa ya ce ka taɓa? Na ce duk abin da ka gani a duniya goro ne? Na ce ka kashe mini aiki, yanzu sai ka ji daɗi, bencinka ya samu mai zama. Na ce daga yau kada ka ƙara sa hannu a kayana, ko tsinke ne. Shekara da shekaru yana cewa shi ba ya jin Faransanci sai na ciniki. Ranar na gane yana ji sarai.

Baba ya kalle ni, ya kalli gadar, ya ce, "To." Ya durƙusa ya tattara ganyensa ɗaya bayan ɗaya, ya ninke algarara, ya ɗora igiyar a kai. Ya je ya ba malam hannu, ya yi wa abokiyar aikina sallama, ya fita da kayansa a hammata. Ban bi shi ba. Raina a lokacin yana gaya mini ni ne aka zalunta.

Bayan azahar aka yi gasa. Gadoji suka yi ta karyewa ana tafi. Da aka gama aka faɗi waɗanda suka ci, wasu samari biyu da gadarsu ta yi kama da tsani. Malam, ko tausayi ne ko son sani, ya ce a ɗora tamu a gani, ba a cikin gasa ba. Aka rataya bokiti. Aka zuba yashi ya cika, ko gezau. Aka kawo na biyu. Yashin da aka tanada ya ƙare, sai da aka ɗebo wanda ya zube a ƙasa, aka ƙara da tubali. Tana ta ƙara, ƙas-ƙas, amma zaren nan na gilma ya ƙi saki. Da ta tashi karyewa ba ta murɗe ba, a tsakiya ta ɓalle. Shaƙiyyin nan mai neman amarya har da tsalle. Abokiyar aikina ta yi lissafi a bayan hannunta da biro, ta nuna mini. Ko da ruwan a jikinta, mun wuce masu tsani nesa ba kusa ba. Ban taɓa jin takaici irin na wannan lokacin ba. Malam ya zo ya tambaye ni ina na koyi wannan naɗi. Na duba bakin ƙofa, na ce masa a kasuwar goro.

Sitaz ya tafi ga masu tsani. Ita abokiyar aikina daga baya ta samu wuri a wani ofis, don irinta ba ta rasawa, kuma duk inda muka haɗu, kafin gaisuwa sai ta ɗaga mini yatsu huɗu. Ni kuwa bayan jarrabawa na yi ta yawo da takardun neman aiki daga wannan bene zuwa wancan, ana cewa in dawo. Da na gaji da zaman gida, da ƙafata na je na zauna a bencin. Baba bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da na samu wanda zan yi wa fushi. Ya dai matsa ya ba ni wuri, ya nuna mini yadda ake gane goron da tsutsa ta shiga, da yadda ake yayyafi da bayan yatsu don kada ruwa ya taru a wuri ɗaya. Wata bakwai na yi ina shayar da goro safe da yamma, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina jin haushin rimi.

A cikin watannin nan ne na lura da wani abu. Idan na bar jakata a kan benci, ba ya matsar da ita, sai ya zauna a kan buhu. Idan birona ya faɗi kusa da ƙafarsa, sai ya ce, "Abinka ya faɗi." Wata rana ruwan sama ya fara ɗiga daidai kan littafina, yana kusa da shi, ina can ƙofa. Sai ya kira ni ya nuna mini da haɓa. Na ce, "Haba Baba, da ka ɗauke mana." Ya ce ai ga ni nan kusa. Ba fushi a muryarsa, ba gori. Na ce kada ya taɓa, ya ce to, kuma shi idan ya ce to ya gama. Na sha shirya maganar ban haƙuri a raina, sai in ga da Faransanci take zuwa, ga shi kuwa da Faransancin na yi ɓarnar. Da Hausa kuma in na fara sai kalmomin su ƙare mini. Haka na yi ta ɗagawa.

Ranar da takardar shaidar gama karatuna ta fito, na karɓo ta na wuce kai tsaye Adjamé, ban ma biya gida ba. A mota na yi ta maimaita abin da zan faɗa, da Hausa tsantsa, har da maganar igiya. Na tarar yana kan goriya, ƙwarya a gefensa. Na zaro takardar daga ambulan, mai kauri, da hatimi ja, na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ga shi. Naka ne."

Fuskarsa ta yi haske. Ya miƙe da sauri har ƙwaryar ta kusa kifewa, ya goge hannu a riga, ya sake gogewa, ya miƙo. Saura kaɗan yatsunsa su kai, sai ya tsaya. Ya janye hannayen ya mayar da su baya ya harɗe.

"Riƙe mini in gani," ya ce. "Hannuna da laima."

Na ce ba komai, ya karɓa. Na ce don Allah ya karɓa. Ya girgiza kai yana murmushi, ya sunkuyo yana kallon hatimin. Haka na tsaya a tsakiyar magaza ina riƙe masa takardar, yana bin rubutun da ido layi-layi, hannuwansa a baya, har ya kai ƙarshe.